Ƙera sulke da fallen sitenles mara kauri: kayan aiki da hanyar bi

Wani mai walda da ya saba da aikin ƙofofi da makaran bene na sitenles ya aiko da tambaya. An ba shi aikin ƙera kayan yaƙi irin na mahayan Turai na zamanin da, wato kwalkwali da farantin ƙirji da na kafaɗu da gwiwoyi, waɗanda 'yan wasan kwaikwayo za su sa, kuma fallen da ke hannunsa mai kaurin milimita 0.8 ne da mai milimita 1. Ya ce ya gwada bugunsa a kan uwar maƙera, ƙarfen ya yi ta turjiya yana komawa yadda yake, da ya matsa masa kuma sai ya tsage daga gefe. Yana so ya san kayan aikin da ake bukata da hanyar da ake bi.

Malam, amsar tambayarka duka ta rataya ne a kan hali guda na wannan ƙarfe, wato yana ƙara tauri a duk inda guduma ta sauka. Baƙin ƙarfen da ka saba da shi ma yana yin haka, sai dai a hankali, har mutum ya gama aikinsa bai lura ba. Sitenles samfurin 304 yana fitowa daga masana'anta da taushi, domin ƙarfin da zai sa ya fara lanƙwasa bai fi na baƙin ƙarfe ba, amma kafin ya tsinke sai an ninka wannan ƙarfi kusan sau biyu da rabi, kuma yana iya miƙewa da kashi 40 cikin ɗari ko fiye kafin ya rabu. Tazarar da ke tsakanin fara lanƙwasa da tsinkewa ita ce taurin da yake tarawa yayin da ake aikinsa. Kana iya gwada wannan da hannunka: ɗora mayen ƙarfe a kan sabon fallen 304, ba zai kama ba, sannan ka ɗora shi a wurin da ya sha bugu, za ka ji ya ɗan kama, saboda bugun ya sauya tsarin cikin ƙarfen zuwa wani mai tauri. Abin da maƙeri zai ɗauka daga nan shi ne kowane wuri a jikin fallen yana da iyakar bugun da zai iya sha. Wanda ya yi ta ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma yana cinye wannan rabo ba tare da ƙarfen ya motsa ba, sai ya wayi gari falle ya sandare alhali siffar da yake nema ba ta ko fara fitowa ba. Saboda haka guduma mai nauyi ake so, da bugu kaɗan, kowanne a inda aka nufa.

Hanyoyin da za mu bi ba don wannan ƙarfe aka ƙirƙire su ba. Sulken faranti ya bunƙasa a Turai a ƙarni na 15 da na 16, a hannun gidajen maƙera irin su Missaglia a Milan ta Italiya da Helmschmied a Augsburg ta Jamus, da maƙerar da Sarki Henry na Takwas ya kafa a Greenwich ta Ingila. Waɗannan da ƙarfe mai kabon suka yi aiki, suna fitar da siffofi masu zurfi da wuta, suna barin tsakiyar ƙirji da kauri su rage shi a gefuna. Sitenles kuwa sai a 1912 kamfanin Krupp na Jamus ya yi rajistar irin mai kuromiyam da nikel, a 1913 kuma Harry Brearley ya narka nasa a Sheffield. Masu ƙera sulke na yau, waɗanda ke yi wa 'yan fim da ƙungiyoyin wasan faɗan zamanin da aiki, sun koma masa ne don ba ya bukatar guga da shafa mai kullum, suka yarda da wahalarsa a maƙera domin samun sauƙinsa a ajiya.

Kafin ka sake ɗaga guduma, ka tabbatar da irin fallen da ka saya, domin duk ƙarfen da ke da kuromiyam kashi 10.5 cikin ɗari ko fiye ana kiransa sitenles, kuma halayensu sun sha bamban. Samfurin 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, shi ne ya fi dacewa da aikinka. Samfurin 316 an ƙara masa molibdinam don jure ruwan gishiri, ya fi tsada, kuma ba ka bukatarsa. Samfurin 430 ba shi da nikel, mayen ƙarfe yana kama shi sosai, ba ya taurara da sauri, amma miƙewarsa kusan rabin ta 304 ce kuma waldarsa tana da saurin karyewa, don haka ya isa ga faranti masu ɗan lanƙwasa, bai isa ga ƙoƙon gwiwa ba. Wanda ya fi yaudarar masu saye shi ne 201, inda aka rage nikel aka cike gurbinsa da manganis don ya yi araha. Shi ma mayen ƙarfe ba ya kama shi, a ido ba a bambanta shi da 304, amma ya fi saurin taurara, ya fi saurin tsatsa, kuma idan aka zurfafa shi da yawa yakan tsage da kansa bayan an ajiye aikin. Yadda ka bayyana turjiyar fallenka ya sa nake zargin shi ne a hannunka. Ka duba lambar da aka buga a jikin fallen ko a ledar da ke manne da shi, ko ka nemi ruwan gwajin da ake ɗigawa a kan ƙarfe ya canza launi. Akwai kuma 410 da 420, waɗanda ake taurarawa da wuta kamar wuƙa, masu wasan faɗa na gaske suna amfani da su, amma suna bukatar tanderu mai ma'aunin zafi, kuma aikin wasan kwaikwayo bai kai nan ba.

Game da kauri, murabba'in mita ɗaya na falle mai milimita 1 yana da nauyin kusan kilo 8, cikakken falle mai ƙafa 4 da ƙafa 8 kuma ya kusa kilo 24. Tsayuwar falle ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinsa: idan ka tashi daga milimita 0.8 zuwa 1.2, nauyi ya ƙaru da rabi ne kawai, amma juriyarsa ga lanƙwasa ta ninka fiye da sau uku. A ganina mai 0.8 ya tsaya a ƙananan faranti masu hawa kan juna, na yatsu da na gefen kafaɗa da na ƙugu. Mai milimita 1 ya yi wa hannu da ƙwauri. Ƙirji yana son 1.2, kwalkwali da ƙoƙon gwiwa kuma 1.2 zuwa 1.5, saboda dalilin da zan kawo a batun zurfafawa. Ƙungiyar SCA ta Amurka, wadda mambobinta ke dukan juna da sanduna cikin sulke, ba ta yarda da kwalkwalin da bai kai milimita 1.6 ba. Wannan duka maganar sanda ce da takobin wasa. Falle irin wannan ba ya tare harsashi ko kaɗan, har na bindigar toka, kuma idan harsashi ya huda shi yana iya tura ɓarɓashin ƙarfe cikin jiki. Duk wanda ya zo maka da wannan niyya ka gaya masa gaskiya ka sallame shi.

Aiki yana farawa ne da kwali. Ka sa wanda zai sa sulken ya saka rigar da za ta zauna a ƙarƙashi, ka yanka kwali a jikinsa, ka haɗa da salatif, ka sa shi ya zauna, ya sunkuya, ya haɗa hannuwa a gaba. Kuskuren da kusan kowane sabon maƙerin sulke ke yi shi ne tsawaita farantin ƙirji har ƙugun wando. Wurinsa na gaskiya shi ne ƙarshen haƙarƙari, wajen cibiya, in ba haka ba da zarar mutum ya zauna ko ya hau doki farantin zai tokare cinya ya tura maƙogwaro. Faɗinsa a sama kuma kada ya kai hammata, don hannu ya samu wurin wucewa. Ka ƙara milimita 8 zuwa 10 a duk gefen da za ka naɗe.

Almakashin kwano yana yanka 0.8 da ƙyar, bayan haka sai giranda da faifan yanka mai kaurin milimita 1 wanda aka rubuta INOX a jikinsa, ko almakashin tebur irin na Beverly wanda ke bin lanƙwasa ba tare da ya murɗe fallen ba. Abin da ya fi yankan muhimmanci shi ne abin da ke biye da shi. Kowane ɗan tsagi da almakashi ko giranda ta bari a gefe mafarin tsagewa ne, kuma da zarar ƙarfen ya taurara daga nan zai buɗe. Ka bi gefen da magagari da samfefa har yatsa ya wuce bai ji komai ba, kuma duk inda layi biyu suka haɗu a lungu, ka fara huda rami a wurin don lungun ya zama zagayayye. Ina kyautata zaton rashin wannan yana cikin abin da ya tsaga maka aiki.

Huda ma tana da nata sharaɗi. Bakin dirila mai kobal ake so, a juya shi a hankali, kamar zagaye 800 a minti ga baki mai milimita 4, a danna da ƙarfi, a ɗiga mai. Idan ka bar bakin yana shafar ƙarfen ba ya ci, wurin zai taurara nan take, bakin ya ƙone. Ka ɗaure fallen a kan katako kafin ka fara, domin idan baki ya maƙale fallen zai juya ya yanke hannu. Ga ramukan ƙusa da ke kusa da gefe, abin huda na hannu irin na Roper Whitney ya fi dirila sauri da tsafta.

Kayan fitar da siffa ba su da yawa, kuma galibinsu kai za ka haɗa su. Na farko kututture ne na itace mai tauri, kirya ko maɗaci, wanda tsayinsa ya kai cinya. Ka kai wa mai sassaƙa turmi ya fafe maka rami biyu a samansa, ɗaya mai faɗin santimita 15 da zurfin 3, ɗaya ƙarami mai faɗin 7 ko 8. Wasu suna amfani da gindin tsohuwar tukunyar iskar oksijin, wanda yake a lotse, kuma sitenles ya fi motsi a kan ƙarfe fiye da itace, amma kada ka yanka tukunyar gas da kanka; guntun bututu mai kauri da aka goge bakinsa ya zama zagayayye zai yi wannan aiki. Na biyu guduma mai kilo 1 zuwa 1.5 da ka gurza fuskarta ta zama ƙubba, ka goge ta sumul. Na uku su ne abubuwan da ake ɗora aiki a kansu: ƙwallon ƙarfe, ko na babban boris ko na jan tirela mai faɗin milimita 50, a yi masa waldar ƙafa a ɗaure a bais, da sandar aksul ta tsohuwar mota a matsayin ƙaho, irin na uwar maƙera. Wurin 'yan gwangwan za ka samu duka. Sai guduma mai siririn baki a kwance, da ƙaramar guduma mai gram 300 da shimfiɗaɗɗiyar fuska mai sheƙi, da gudumar katako, da jakar fata cike da yashi. Duk tabon da ke fuskar guduma zai fito a jikin aikin sau ɗari, don haka gyaran fuskokin nan ba ɓata lokaci ba ne. Ka kuma toshe kunnuwanka, ƙarar sitenles tana kurmantarwa.

Hanya ta farko ita ce zurfafawa daga ciki. Ka zana da'irori a kan fallen, tsakanin kowace da ta kusa da ita santimita 2, ka ɗora shi a bakin ramin kututture, ka fara bugu daga da'irar waje kana juya fallen, kana shiga ciki a hankali har tsakiya. Gudumar tana sauka ne a inda babu abin da ke tokare ƙarfen daga ƙasa, sai ta tura shi cikin ramin ya miƙe. Wanda ya fara daga tsakiya zai samu ƙullutu a wuri ɗaya da gefuna masu rawa. Gefen zai yi ta tattarewa, kuma dole ka miƙar da kowace tattara da gudumar katako tun tana ƙarama, domin idan ta naɗe ta hau kanta ba ta gyaruwa sai yanka.

Aibin wannan hanya ga falle mara kauri lissafi ne kawai. Fatar rabin ƙwallo ta ninka da'irar bakinsa sau biyu a faɗi, don haka idan ka fitar da rabin ƙwallo ta hanyar miƙa ƙarfe kaɗai, kaurin zai ragu zuwa rabi a matsakaici, a tsakiya kuma ya fi haka raguwa. Fallenka mai milimita 1 zai koma ƙasa da 0.5 a daidai tsakar kai ko tsinin gwiwa, wurin da ya fi ko'ina haɗuwa da duka, kuma kafin ya kai nan ma ya riga ya cinye miƙewarsa ya yage. Zurfafawa ta isa ga ƙirji da kafaɗa, waɗanda lanƙwasarsu ba ta da zurfi. Ga abin da ya fi haka sai a haɗa da hanya ta biyu.

Hanya ta biyu ita ce tattaro ƙarfe daga waje. Ana kifa aikin a kan ƙaho ko ƙwallo, a riƙe shi a karkace yadda zai taɓa ƙahon a layi ɗaya, a bugi ɗan gaba da wurin da ya taɓa, inda akwai 'yar iska a ƙarƙashi, da guduma mai siririn baki. Ana zagayawa daga tsakiya zuwa gefe, layi bayan layi, kowane zagaye yana rage faɗin bakin ya ɗaga bango. A nan ƙarfen matsuwa yake yi, saboda haka kaurinsa ba ya raguwa, a gefe ma ƙaruwa yake yi. Da wannan hanya maƙeran Milan suka fitar da kwalkwali daga faranti guda. A sitenles mai sanyi aiki ne mai cin rai, mai 0.8 kuma yakan lotse maimakon ya matsu. Abin da nake ba da shawara shi ne ka zurfafa daga ciki har sulusin zurfin da kake nema ko rabinsa, sannan ka tattaro gefen da wuta: ka yi ɗan tudu a gefen da awartaki, ka gasa shi ya yi ja mai haske, ka danne shi daga rufaffen ƙarshensa zuwa baki, ka matsa gaba ka sake wani.

Alamar cewa ƙarfe ya ƙoshi da bugu ita ce ƙararsa ta ƙara kaifi, guduma kuma ta riƙa tsalle ba ta barin gurbi. A nan ake tsayawa a mayar masa da taushi, kuma a nan ne sanin maƙeri na gado yake iya ɓatar da shi. Baƙin ƙarfe mai kabon idan aka gasa aka tsoma a ruwa tauri yake yi, idan ana son taushi sai a bar shi ya huce cikin toka. Samfurin 304 akasin haka yake. Ana kai shi digiri 1010 zuwa 1120 a ma'aunin Selsiyos, wato launin ruwan lemo mai haske da ya doshi rawaya, a riƙe shi minti ɗaya ko biyu, a tsoma a ruwa nan da nan, ya fito da taushi. Idan ya daɗe tsakanin digiri 425 da 860, kabon ɗin da ke ciki yana haɗuwa da kuromiyam ya janye shi daga aikinsa na hana tsatsa, sai wurin ya fara tsatsa daga baya. Jan da bai kai ba, wanda ake gani a duhu, ɓarna kawai yake yi. Ka wanke mai da tawadar zane kafin ka gasa. Wutar gas ta fi gawayi a wannan aiki, domin falle mara kauri da aka binne a garwashi yana ƙonewa a wani wuri kafin wani wurin ya yi zafi, yana kuma shan kabon. Idan da wutar kabaid za ka yi, ka daidaita harshen kada gas ya rinjayi iska. Ka tuna kuma sitenles yana watsa zafi da kusan sulusin saurin baƙin ƙarfe, yana kuma buɗewa da zafi fiye da shi da sama da kashi 40 cikin ɗari. Na farkon yana taimakonka wajen gasa wuri ɗaya, na biyun kuma shi ke murɗe aiki.

Tunda kai mai walda ne, kwalkwali ba sai ka fitar da shi daga faranti guda ba. Ka yi shi gida biyu, dama da hagu, kowanne mai matsakaicin zurfi, ka haɗa su a layin tsakiya, wanda dama tudu ake so a wurin. Waldar agon ake yi, wato wadda iskar agon ke kare wurin da ake narkawa, da waya mai lamba 308L, a wuta mai amfiya 30 zuwa 40 ga milimita 1, gefuna a manne ba tazara, a ɗiɗɗiga kowane santimita 2 kafin a ja layi, a ja shi guntu-guntu ana tsallakawa don zafi kada ya taru. Ka tokare bayan da guntun jan ƙarfe ko ka hura masa agon, in ba haka ba bayan waldar zai yi baƙi ya yi burtsi-burtsi, kuma irin wannan walda tana buɗewa a ƙarƙashin guduma. Waldar lantarki ta sanda huda fallen kawai za ta yi. Hayaƙin waldar sitenles yana ɗauke da wani nau'in kuromiyam da ke jawo ciwon daji na huhu, saboda haka a fili ake yinta, da abin rufe hanci na gaske. Wanda ba ya son walda yana iya bin tsohuwar hanyar Turai ta kafin zamanin sulken faranti, inda ake haɗa faranti huɗu masu ɗan zurfi a jikin maɗaurin ƙarfe da ƙusoshi.

Bayan siffa ta fito, jikin aikin zai kasance da ƙulle-ƙulle. Ka kifa shi a kan ƙwallo wanda lanƙwasarsa ta ɗan fi ta aikin, ka bi shi da ƙaramar guduma mai sheƙi, bugu mara nauyi, kowanne yana hawa rabin na baya, ƙarfen yana tsakanin guduma da ƙwallo daidai. Kunne ne ke gaya maka ka dace, domin bugun da ya sauka a kan ƙwallo yana da ƙara tsayayya, wanda ya kauce kuma yana yin ƙarar fanko. Ka shafa tawada ka goga magagari a hankali, inda tawada ta rage nan ne kwari. Injin taya biyu da masu gyaran jikin mota ke kira na Ingila yana yin wannan aiki cikin mintuna a kan ƙirji, idan kana da inda za ka ara. A wannan mataki taurin da ya wahalar da kai ya zama riba, domin shi ne zai hana sulken lotsewa, don haka kada ka sake gasa aikin bayan ka daidaita shi.

Sassan hannu da ƙwauri naɗi kawai suke so, a kan bututu ko a injin naɗe kwano. Saboda ƙarfen yana komawa baya idan aka sake shi, bututun ya zama ya fi hannun da kake aunawa ƙanƙanta, ka wuce inda kake so kaɗan ya dawo da kansa.

Ƙarfin falle mara kauri daga siffarsa yake fitowa, kamar yadda kwanon rufi ke ɗaukar mutum saboda tudu da kwarin da aka yi masa, alhali shimfiɗaɗɗensa ko kansa ba ya ɗauka. Maƙeran Jamus sun san haka, shi ya sa sulken da ake dangantawa da Sarki Maximilian, na wajen 1515 zuwa 1530, yake cike da layukan tudu daga sama har ƙasa. Tudu ɗaya a tsakiyar ƙirji da uku ko huɗu a kafaɗa za su sa milimita 1 ya tsaya kamar wanda ya fi shi kauri. Ana fara layin daga ciki da dasasshen cizal a kan katako mai kwari, sannan a kifa shi a kan ƙarfe mai baki kamar na gatari mara kaifi, a gyara gefensa biyu daga waje. Naɗin baki ma haka yake, yana ƙarfafa faranti yana kuma kare wuya da hammata daga yanka. Kada ka naɗe wuri ɗaya gaba ɗaya. Ka karya dukan layin kaɗan, ka dawo ka ƙara, ka sake dawowa har ya miƙe tsaye, ka sa waya mai milimita 3 a ciki ka rufe a kanta. Wayar ta zama ta sitenles ko tagulla, domin ta baƙin ƙarfe za ta yi tsatsa a ɓoye ta riƙa zubo da ja.

Wajen haɗa faranti masu motsi, kowanne ya hau na kusa da shi da santimita 1 zuwa 1.5, kuma ka fara ɗaure su da ƙananan noti, ka lanƙwasa gaɓar har iyakarta ka ga ko tana buɗe baki ko tana cijewa, kafin ka daddaƙe ƙusa ko ɗaya. Ramin da aka huda a kuskure da milimita 2 ya isa ya hana gwiwa lanƙwasa. Ƙusoshin tagulla ko jan ƙarfe sun fi sauƙin daddaƙewa, da ɗan zoben ƙarfe (washa) daga ciki, kuma idan ka sa guntun kwali tsakanin faranti biyu kafin ka buga, ka cire shi bayan ka gama, gaɓar za ta samu sararin juyawa. Inda ake son motsi ta ko'ina, kamar kafaɗa, a kan maɗaurin ƙirgi ake jera farantin daga ciki. Ƙarfe kuma ba ya zama a kan fata tsirara. Mahayan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin haka, tun da tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi tare da kwalkwali da sulke. Riga mai cushen audugar rimi irin ta lifidi, amma mara kauri sosai, ita ce za ta zauna a ƙarƙashin aikinka, a cikin kwalkwali kuma ka bar sararin santimita 1 zuwa 1.5 ko'ina don cushe.

Saura gogewa. Ka fara da samfefa mai lamba 120, ka bi da 240, 400 da 600, kana sauya fuskar guga a kowane mataki don ka ga ko zanen na baya ya ɓace. Kada ka nemi share kwari da giranda, domin a falle mai milimita 1 babu abin da za ka rage, kuma zafin guga yana sa wuri ya yi shuɗi ya kumbura. Ga wasan kwaikwayo da fim na fi son a tsaya a 400 ko 600, saboda sulke mai sheƙin madubi yana nuna kyamara da fitilu da duk wanda ke tsaye a bayansu. Faifai da burushin waya da samfefar da suka taɓa baƙin ƙarfe kada su taɓa wannan aiki, domin ƙurar da suke bari tana nutsewa a fuskar sitenles ta yi tsatsa, mai kaya ya ce ka sayar masa da jabu. Guduma da ƙwallo ma suna barin irin wannan ƙura, shi ya sa ake wanke aiki a ƙarshe. Man da ake sayarwa don cire baƙin walda yana ɗauke da asid mai ratsa fata har ƙashi, ban ba ka shawarar amfani da shi ba sai da cikakken kayan kariya. Ka cire baƙin da samfefa, ka wanke da sabulu, sannan ka jiƙa aikin na rabin awa a ruwan ɗumi mai garin asid ɗin lemon tsami, gram 50 zuwa 100 a kowace lita, ka ɗauraye ka bar shi ya sha iska, fatar kuromiyam da ke kare shi za ta sake kafuwa da kanta. Idan ka miƙa kayan, ka gaya wa masu su cewa gishirin gumi yana huda 304 da ƙananan ramuka idan ya kwana a kai, don haka su goge ciki da ɗanyen tsumma bayan kowane sawa, su shanya rigar cushen dabam, kuma kada su kusanto da ruwan bilic.